Karan masallaci: kaktus ne, tinya ce, ko ɗan'uwan tumfafiya?

Maman Hanifa: Assalamu alaikum 'yan zaure. Don Allah ku taya ni duba shukar nan da na ɗora hotonta. Wata biyu ke nan da na saye ta wurin masu sayar da furanni a bakin titi nan Kaduna, naira dubu uku har da tukunya. Mai sayarwar ya yi ta rantse-rantse wai kaktus ce 'yar waje, daga Meziko ake kawo irinta. To jiya surukata ta zo daga ƙauye, tana ganin abin a kan dakalin baranda sai ta kama dariya har da riƙe ciki, wai karan masallaci na saya da kuɗina, ga shi can jibge a bayan masallacin garinsu ko akuya ba ta kallonsa. Tsayinsa bai fi taƙi ɗaya da rabi ba, jikinsa kusurwa huɗu, ba ganye, sai wasu 'yan haƙora a gefe-gefe. Shekaranjiya kuma ya fito da 'yan mitsi-mitsin furanni a can saman inda ya tsuke, ja mai duhu kamar busasshen jini. Wa zan gaskata, mai furanni ko Inna?

Abba Kurna: Wa'alaikumus salam Anti. Kaktus ne mana, ai ko makaho ya shafa ya sani. Kauri, ba ganye, ga ƙaya. Me ya rage?

Kawu Manomi: Kai yaro, wane irin katus? 'Yata, surukarki ta fi mai furanni gaskiya. Karan masallaci ne, tun ina yawo ba wando na san shi. A garinmu akwai shi a gindin katangar masallacin Juma'a, kuma in ka hau duwatsun gabas da gari za ka same shi a tsakanin tsaguwar dutse ko a ƙarƙashin ƙaya inda inuwa take. Ni dai a sanina ɗan'uwan tinya ne da ƙerana, ƙaraminsu ne kawai.

Sarkin Musu: Dubu uku! Maman Hanifa, in kina son wani ki yi magana, buhu guda zan kawo miki a dubu biyu, kuɗin mota a kaina.

Maman Hanifa: Allah ya shirye ka. Da wanne zan ji, da dariyar Inna ko da taka?

Ɗan Maraɗi: Salamu alaikum. Mu ma nan wajenmu akwai shi, sunan kuma ɗaya ne. Amma Kawu, ban yarda da zancen tinya ba. Tinya in ka karya ta nono take fitarwa fari fat, wanda in ya taɓa ido sai an yi da gaske. Wannan na sha karya shi muna yara, ruwa ne kawai garai-garai, mai ɗan yauƙi, ga ɗaci kamar maɗaci.

Kawu Manomi: Ai ba duk ɗa ne ke ɗauko uba ba. Albasa ma ba ta yi halin ruwa ba.

Shugaban Zaure: Bari mu jira Malama Bilki, fanninta ne. Kafin ta leƙo, don Allah a daina tura hotunan kaktus daga intanet, Abba. Guda tara ka turo.

Malama Bilki: Assalamu alaikum. Yanzu na fito daga aji na tarar da zaure ya ɗauki zafi. Maman Hanifa, ki gaishe mini da Inna, ki ce ta ci gari. Karan masallaci ne. Sunansa a littattafan ilimin tsirrai Caralluma dalzielii, kuma ɗan ƙasa ne, ana samunsa a faɗin yankin Sahel tun daga Senegal har a dangana da Sudan. Bai taɓa ganin Meziko ba.

Abba, ba kaktus ba ne. Kawu, Allah ya ƙara girma, ba kuma dangin tinya ba ne. In kuna son ku ga 'yan'uwansa na jini, ku leƙa bayan gari ku dubi tumfafiya, sannan ku dubi yaɗiya da ta nannaɗe darni.

Abba Kurna: Haba Malama! Tumfafiya mai faffaɗan ganye? Ina abin ya haɗu?

Kawu Manomi: Malama, da girmanki da iliminki. Yaɗiyar da muke kwaɗo da ita da ƙuli-ƙuli? Ita ce 'yar'uwar wannan guntun abu? To ai ko a mafarki ba su yi kama ba.

Malama Bilki: Kawu, ai ku kuka koya mana cewa kama da wane ba ta wane. Bari in bi abin daki-daki, ku yi haƙuri da tsawon rubutu.

Masu rarraba tsirrai ba jiki suke fara dubawa ba, domin jiki muhalli ne ke sarrafa shi. Duk tsiron da ya daɗe a ƙasar da ruwa ke wuya, dabararsa kusan ɗaya ce: ya zubar da ganye don kada ruwa ya tsere ta nan, ya kumbura kara ya mai da shi randa, karan ya zama kore ya karɓi aikin ganye. Kaktus ya yi haka a nahiyar Amurka. Tinya da ƙerana sun yi haka a nan Afirka. Karan masallaci ma ya yi. Kamar mutum uku ne da ba su san juna ba, kowa ya naɗa rawani saboda rana da ƙura. Rawanin bai mai da su 'yan gida ɗaya ba.

Abin da ba ya saurin sauyawa shi ne fure da ɗa. Maman Hanifa, ki ɗauki wayarki ki matso da kyamara kusa da fure ɗaya. Ki ƙirga mini leɓɓansa, ki kuma gaya mini abin da kika gani a tsakiya.

Maman Hanifa: To na duba. Biyar ne, kamar tauraro, kuma a haɗe suke daga gindi. Furen a sunkuye yake yana kallon ƙasa. A bakin kowane leɓe akwai wasu 'yan gashi sirara masu duhu, ko numfashi na yi sai su kama rawa. A tsakiya kuma akwai wani ɗan dunƙule kamar maɓallin riga, mai 'yan tsaga-tsaga. Malama, wari gare shi! Sai da na kai hanci sosai na ji, kamar naman da ya kwana ba wuta.

Malama Bilki: Madalla, kin gama aikin. Yanzu duk wanda ke da tumfafiya kusa ya tsinko fure ɗaya ya kwatanta. Leɓe biyar, da dunƙulen nan a tsakiya mai kama da kambi. A yawancin furanni, ɓangaren namiji daban yake da na mace, kuma garin da ke haɗa barbara sako-sako yake kamar bununin gero, iska ko ƙudan zuma su kwashe shi. A reshen dangin da tumfafiya da karan masallaci suke kuwa, namiji da mace sun manne sun zama ginshiƙi ɗaya, garin kuma a ƙulle yake cikin 'yan jakunkuna biyu-biyu masu haɗe da maƙali, kamar mangala a bayan jaki. Ƙwaro na sauka, ƙafarsa ko bakinsa ya zurma cikin tsagar nan da kika gani, in ya fizgo sai ya fito da mangalar gaba ɗaya, ya kai wa wani furen. Kaktus ba shi da wannan. Tinya ba ta da shi.

Warin kuwa talla ce. Tumfafiya zuma take yi wa ƙwari tayi, shi kuma karan masallaci ƙuda yake kira. Launin busasshen jini, gashin da ke motsi, da warin mushe, duk don ƙuda ya zaci ya samu nama ne.

Sarkin Musu: Wato shi ma ɗan damfara ne kamar wanda ya sayar da shi.

Ɗan Maraɗi: Wallahi na fita na tsinko furen tumfafiya yanzun nan a bakin hanya. Na ga dunƙulen. Shekara arba'in ina wuce ta ban taɓa kai ido ba.

Kawu Manomi: To na ji zancen fure. Amma nonon fa? Tumfafiya nono gare ta kamar saniyar da ta haihu jiya, tinya ma haka. In da nono za a bi, ai tumfafiya da tinya su ne 'yan'uwa, shi wannan bare ne.

Malama Bilki: Tambayar ta yi ma'ana, Kawu. Farin ruwan nan kāriya ce daga dabbobi da ƙwari, kuma dangogi da yawa da ba su haɗa komai ba suna da shi. Ɓaure yana da shi, gwanda tana da shi, ceɗiya ma haka. Shi ya sa ba a kafa hujja da shi shi kaɗai. A cikin dangin tumfafiya kuma akwai wani ɓangare da ruwansu ba fari ba ne, a nan karan masallaci yake, nan ma yaɗiya take. Ki tuna in kin tsinke yaɗiya, au, ka tuna Kawu, ruwanta ba irin na tumfafiya ba ne, ya fi tsarwa. Don haka ma yaɗiya ta fi tumfafiya kusanci da shi. Ita tumfafiya 'yar baffa ce, yaɗiya kuwa kusan ɗaki ɗaya.

Tinya da ƙerana da aguwa da fidda-sartse duka Euphorbia ne, danginsu ɗaya da rogo da zurma da bini-da-zugu. Kaktus kuwa, in aka bi salsala can sama, ya fi kusa da alayyafo a kan karan masallaci.

Abba Kurna: Alayyafo kuma? Malama yau kin rantse sai kin rikita mu. Ƙayar jikinsa fa?

Malama Bilki: Taɓa ka ji, ko Maman Hanifa ta taɓa maka. Ba ƙaya ba ce. 'Yan haƙoran nan gurbin ganye ne. In sabon toho ya fito za ka ga ɗan ganye ƙanƙane kamar ƙwayar shinkafa a kan kowane haƙori, ba ya daɗewa yake bushewa ya faɗi. Kaktus na gaske ƙayoyinsa a tattare suke fitowa daga wani ɗan matashi mai laushi kamar auduga, kuma wannan matashin shi ne tambarin gidansu, babu wani tsiro da ke da shi. Sannan kaktus duka 'yan nahiyar Amurka ne, in ka cire iri ɗaya tak, Rhipsalis baccifera, da ake samu a Amurka, har kuma a dazuzzukan Afirka da Madagaska da Siri Lanka. Kaktus masu faffaɗan kunnen nan da ake shinge da su kawo su aka yi bayan Turawa sun isa Amurka a 1492.

Maman Hanifa: Na taɓa, ba ya suka. Laushi ma gare shi.

Sarkin Musu: Ni inda nake da magana shi ne sunan. Caralluma. Ku faɗe shi a hankali: kara-luma. Kara! Ashe ba daga bakinmu Bature ya ɗauka ya lanƙwasa ba? Haka suke yi, su kwashi abinka su sa masa kwat su dawo maka da shi.

Abba Kurna: Ni kuma na gani a wani shafi wai daga Larabci ne, wani abu mai nufin gyambon nama, saboda warin.

Malama Bilki: Sarkin Musu, da na so a ce haka ne, amma lissafin shekaru bai ba ka gaskiya ba. Wani masani ɗan Sikotland, Robert Brown, shi ya kafa sunan Caralluma a 1810, kuma a kan wani tsiro na Indiya ya kafa shi. Tsiron nan William Roxburgh ne ya fara bayyana shi a 1795 daga gaɓar Koromandel a kudu maso gabashin Indiya, ya kuma rubuta cewa masu jin harshen Telugu suna ce masa wani abu kamar kar-allum. Clapperton, Baturen Birtaniya mai yawon bincike, bai shigo Kano ba sai 1824. Ka ga sunan ya riga shi da shekara goma sha huɗu. Zancen Larabcin yana yawo a shafuka da yawa, Abba, amma na Telugu shi ne mai tushe a rubutun wanda ya fara tattara tsiron.

Inda hannun ƙasar Hausa ya shiga shi ne rabin sunan na biyu. Tun 1753 da masanin tsirrai Linnaeus ya daidaita tsarin sa wa tsirrai suna, kowane tsiro suna biyu yake ɗauka, na gida da na kansa. Dalzielii daga John McEwen Dalziel ne, likita ɗan Sikotland da ya yi aiki a Arewacin Najeriya a farkon mulkin Turawa, yana duba marasa lafiya yana kuma tara tsirrai yana aikawa lambun Kew a Ingila. A can N. E. Brown ya bayyana wannan iri a 1912 ya sa masa sunan likitan. Shi ya sa za ku ga an rubuta N.E.Br. a ƙarshen sunan. Kada a haɗa shi da Brown na farko, mutum biyu ne, kusan ƙarni guda tsakanin aikinsu.

Sarkin Musu: To kin ga inda nake nufi. Kakannin Kawu sun san abin nan tun kafin a haifi kakan Dalziel. Wani mai magani ne ko wani ɗan rakiya ya nuna masa, ya ce ga sunansa ga amfaninsa. Ina sunan wannan mutumin? Shiru. Amma Bature ya zo ya tsinka ya matse a takarda, shi ke nan tsiro ya zama nasa har abada.

Kawu Manomi: Yau dai Sarkin Musu ya faɗi ta hankali.

Malama Bilki: Ban musa maka ba. Haka aka yi a ko'ina a zamanin, waɗanda suka nuna hanya ba a rubuta su. Abin da zan ƙara kawai, don a yi wa mutumin adalci, shi ne bai watsar da sunayenmu ba. A 1916 ya fitar da ƙamus na sunayen tsirrai da Hausa, A Hausa Botanical Vocabulary, daga baya a 1937 ya fitar da babban littafinsa kan tsirrai masu amfani na Afirka ta Yamma. Har gobe in ɗalibina ya zo mini da sunan da kakarsa ta faɗa masa, nakan koma can in nemi bakin zaren. Abin kunyar namu ne, sama da shekara ɗari ga shi har yanzu muna jingine da aikin baƙo, tsofaffin da suka san sunayen kuma suna ta tafiya.

Sunan Latin ɗin ma ba don ya fi namu daraja ba ne. Amfaninsa ɗaya: ya tsayar da magana a kan abu guda. A wasu garuruwan duk wani guntun tsiro mai kusurwa huɗu karan masallaci ake ce masa, alhali akwai irinsu fiye da ɗaya a yankinmu. Akwai wani ƙato mai kaurin dantse da ke tara furanninsa baƙi-baƙi a ƙwallo ɗaya a ƙoli, warinsa daga nesa ake ji. Dangi ɗaya ne, amma ba shi ne na hoton nan ba.

Ɗan Maraɗi: Na san wannan ƙaton, na gan shi a hanyar arewa wajen duwatsu. Ƙudaje kamar mahauta.

Hajiya Mai Lalle: Ni tambayata daban. Me ya haɗa shi da masallaci? Tun ɗazu nake jira wani ya faɗa.

Kawu Manomi: Hajiya, mu dai mun taso mun gan shi a nan. Mahaifina yakan ce dasa shi ake yi a gefen masallaci saboda ba ya son wahala, ɗan ruwan alwala da ke fantsama ya ishe shi, kuma duk mai bukatarsa don magani ya san inda zai samu ba sai ya hau dutse ba. Wasu kuma a ƙofar gida ko a kan katanga suke sa shi, wai tsari ne. Wannan kam ban sa hannu ba.

Ɗan Maraɗi: Ni kuwa wani dattijo ya ce mini don ya yi kama da hasumiya ne, kusurwa huɗu ya tafi sama ya tsuke. Kowa da tasa.

Hajiya Mai Lalle: Ta hasumiyar ta fi daɗin ji. To maganin fa? Wata maƙwabciyata tana daka shi tana sha wai don ciwon suga, wata kuma ta ce yana rage ƙiba.

Mai Kemis: Nan ne zan sa baki. Gaskiya ne masu maganin gargajiya suna amfani da shi, kuma an yi bincike a kansa a jami'o'inmu, amma abin da na karanta yawanci a kan ɓeraye aka gwada. Ɓera ba mutum ba ne, kuma babu wanda ya auna ya ce ga adadin da mai suga zai sha lafiya. Mai shan maganin asibiti ya ƙara da wannan ba tare da likita ya sani ba, suga na iya faɗuwa ƙasa warwas.

Zancen ƙiba daga 'yan'uwansa ya samo asali. Akwai na Indiya da ake ce wa Caralluma fimbriata, can suna cinsa kamar kayan miya, kamfanoni kuma suna sayar da shi a ƙwaya wai yana kashe yunwa. Akwai kuma Hoodia ta hamadar Kalahari, da mutanen San ke taunawa in za su doguwar farauta. Ita har rigima aka yi a kanta, domin wata cibiyar bincike ta gwamnatin Afirka ta Kudu ta yi rajistar sinadarin da sunanta, sai a 2003 aka sa hannu kan yarjejeniyar ba wa San kasonsu. Sarkin Musu, ga irin taka.

Kuma ku tuna wane dangi Malama ta ce. Dangin nan ba na wasa ba ne. Kwankwani da maharba ke dafa dafin kibiya da shi a ciki yake. Kariya mai jan furen nan da ake shinge da ita a ciki take, ita ma dafi ce. A ciki kuma aka samu furen Madagaska da ake fitar da maganin sankarar jini daga gare shi. Gida ne mai magani da guba a tukunya ɗaya, awo ne ke raba su.

Hajiya Mai Lalle: Za ta ji a bakina yau ɗin nan.

Abba Kurna: Malama, na shiga na bincika, kuma na kama ki. Wani wuri an rubuta danginsa Asclepiadaceae, wani wuri Apocynaceae. Wani shafin ma ya ce sunan dalzielii ba ya aiki, Caralluma adscendens ne. Wani kuma na ga Ceropegia. In ku masana ba ku daidaita ba, don me za a hana ni cewa kaktus?

Malama Bilki: Ka kyauta da ka bincika, haka ake so. Amma saɓanin da ka gani duk a cikin gida ɗaya ake yinsa, ba wanda ya taɓa kai shi gidan kaktus.

Na farko tarihi ne mai ban dariya. A 1789 masanin Faransa Jussieu ya haɗa su duka a dangi ɗaya. A 1810 Robert Brown ɗin nan ya ware masu mangalar gari ya yi musu nasu dangin, shi ne aka daɗe ana kira Asclepiadaceae. Haka aka koyar da ni, haka yake a tsofaffin littattafan da ke ɗakin karatunmu. Da aka fara karanta ƙwayoyin gado na DNA sai aka ga ashe reshe ne da ya tsiro daga tsakiyar Apocynaceae, ba bishiya ce daban ba. Daga 1998 zuwa 2000 aka mai da su inda suka fito. Yanzu dangin Apocynaceae ne, tsohon sunan ya koma na ƙaramin reshe. Kusan shekara 190 ana yaji, aka yi biko.

Na biyu, akwai masanan da ke ganin namu da na Indiyan nan da Roxburgh ya bayyana, wato adscendens, iri ɗaya ne da ya bazu daga nan har can, bambancin bai kai a raba su ba. In aka bi ra'ayinsu, ƙa'ida ita ce sunan da ya riga shi ke ci, adscendens kuwa ya girmi dalzielii da fiye da shekara ɗari. Wasu kuma suna ganin na Afirka ta Yamma ya isa ya tsaya da ƙafarsa. Masu binciken magunguna a nan gida galibi dalzielii suke rubutawa.

Na uku shi ne mai zafi. A 2017 Peter Bruyns na Afirka ta Kudu da abokan aikinsa biyu suka ce binciken DNA ya nuna Caralluma da Stapelia da Hoodia da Huernia da sauransu duk daga cikin gidan Ceropegia suka fito, don haka suka zuba su duka a can, gidan ya haura iri 700. Wasu sun bi, wasu sun ƙi, musamman masu kiwon irin waɗannan tsirrai da suka saba da tsofaffin sunaye. Ni kaina ban sauya a takardun ɗalibaina ba. Hujjarsu tana da ƙarfi, amma gidan da ya haɗa mai nannaɗo kamar igiya da mai tsayuwa kamar turmi ya yi mini faɗi da yawa wajen koyarwa.

Sarkin Musu: Wato Dalziel ma ana iya tuɓe masa rawani. Karan masallaci kuwa yana nan daram tun zamanin kakanni. Wa ya ci?

Shugaban Zaure: Kai dai ba ka raina abin musu.

Kawu Manomi: Malama, na saurara da kyau, amma ni manomi ne, gani ya kori ji. Fure ƙanƙane ne, idona ba ya kai wa nan. Ki ba ni alamar da tsoho zai gani ba tabarau.

Malama Bilki: Akwai, Kawu. Ku nemi ɗansa. In ƙuda ya yi aikinsa, fure ɗaya yakan haifi kwanso biyu sirara masu tsini, a haɗe daga gindi, sun buɗe kamar ƙahon akuya. In sun bushe sukan tsage ta gefe ɗaya, 'ya'yan su fito falle-falle, kowane da tuntun farin gashi mai sheƙi a kansa, iska ta ɗauke. Ku tuna abin da ke tashi in ƙwallon tumfafiya ya fashe, ko kwanson yaɗiya. Tinya kuwa ɗan ƙulli take yi mai ɗaki uku, irin na zurma da rogo. Na tukunyar Maman Hanifa ba lallai ya yi ba tunda shi kaɗai ne, amma na masallacinku da ya daɗe a wurin ina sa ran za a samu.

Maman Hanifa: Malama kafin ki tafi, gindin guda biyu ya fara yin laushi yana baƙi. Kullum safe da yamma nake ba shi ruwa, mai furannin ne ya ce in yi haka.

Malama Bilki: Innalillahi. Kashe shi kike yi da alheri. Ki daina yau. Ki zare shi daga tukunyar, ki yanke duk inda ya ruɓe da wuƙa mai tsabta har ki kai ga kore mai tauri, ki ajiye a inuwa kwana huɗu ko biyar bakin yankan ya bushe. Sannan ki dasa a ƙasa mai yawan yashi da tsakuwa, tukunyar kuma lallai da huda a ƙasa. Ruwa sai ƙasar ta bushe ƙarau, da sanyin hunturu ma ki ƙara ja baya. Tsiro ne da ke rufe ƙofofin numfashinsa da rana ya buɗe da dare don tattalin ruwa, abin da kike ba shi a kwana ɗaya ya ishe shi mako biyu. In kin ga jikinsa ya yi ja-ja ko dabbare-dabbare, rana ce ta yi masa yawa, ki matsar da shi inda zai samu ta safe kawai.

Sarkin Musu: Ya ce safe da yamma ne don ya mutu ki koma ki sake sayen wani daga Meziko.

Maman Hanifa: Ai ni da shi sai a lahira. Inna ta ce in ta koma za ta aiko mini da cikin kwali kyauta.

Kawu Manomi: Salamu alaikum, na dawo. Bayan la'asar na zagaya bayan masallaci da jikana, ya haska mini da waya. Mun samu. Guda uku, ƙaho biyu-biyu kamar yadda Malama ta ce, tsawon ɗan yatsa, jikinsu da zane-zane. Ɗaya ya riga ya tsage. Na sa farce na buɗe, sai ga audugar nan ta tumfafiya sak, har ɗaya ta tashi ta maƙale a gemun liman yana fitowa. Ya tambaye ni me nake tonowa a nan, na ce dangi nake nema wa wani. Ga hoton, yaron ne ya ɗauka, ku yi haƙuri hannunsa na rawa.

Ɗan Maraɗi: Kawu ya sauko!

Kawu Manomi: Ban sauko duka ba. Na yarda da tumfafiya. Zancen yaɗiya sai na samo kwansonta na ajiye su gefe da gefe, kuma yanzu awaki sun cinye ta wajenmu, sai na shiga fadama ranar Asabar.

Malama Bilki: Kawu, in kun je ku tsinko mini har da reshe mai fure in akwai. Waɗancan 'ya'yan kuma kada a bari iska ta kwashe duka, a zuba mini kaɗan a ambulan, ba a leda ba, a rubuta sunan garin da ranar da aka ɗiba a bayansa. Akwai ɗalibata 'yar wajenku da za ta zo hutu, zan sa ta biyo ta karɓa.